Sinawa da Zargin Kwaikwayo: Ina Iyakar Suka, Ina Farkon Wariya?

A watan Janairun 2025, wani kamfani na birnin Hangzhou da ke ƙasar Sin mai suna DeepSeek ya fitar da manhajar ƙirƙirarriyar basira wadda ta kamo ƙafar na manyan kamfanonin Amurka, kuma ya ce kuɗin da ya kashe wajen horar da ita bai ko kusa da nasu ba. Ranar 27 ga watan, darajar hannun jarin Nvidia, kamfanin da ke tsara ƙwaƙwalwar irin waɗannan na'urori, ta zube da kusan dala biliyan 600 a yini guda. Kafin mako ya zagayo, kamfanin OpenAI ya ce yana zargin an tatsi amsoshin manhajarsa ne aka koyar da ta Sinawan. Nan take tsohuwar gardama ta farfaɗo. Wasu suka ce dama mun faɗa, Basine bai iya ƙirƙira ba, sai dai ya jira wani ya yi ya kwafa, haka al'adarsu take. Wasu kuma suka ce wannan magana wariyar launin fata ce tsantsa, kuma duk mai sukar Sin hassada ke cin sa. A ganina duka ɓangarorin biyu sun zaɓi hanya mai sauƙi. Abin da ke raba suka da wariya ba zafin kalamai ba ne, kuma ba wai ko an ambaci al'ada ko ba a ambata ba. Abin dubawa shi ne inda mai sukar ya ɗora laifin: a kan wani aiki da aka yi, ko doka, ko hukuma, waɗanda ke da suna da kwanan wata kuma suna iya sauyawa, ko kuwa a kan jinin mutane sama da biliyan ɗaya da miliyan ɗari huɗu.

Bari a fara da abin da masoyan Sin ba sa son ji. Satar fasaha ta faru, kuma kotuna sun tabbatar. A 2018 wata kotun tarayya a jihar Wisconsin ta Amurka ta sami kamfanin Sinovel, mai ƙera injinan samar da lantarki daga iska, da laifin sace manhajar kamfanin AMSC ta hanyar saye wani ma'aikacinsa da ke Austriya. Kamfanin da aka cuta ya sallami ma'aikata kusan 700. A 2003 Cisco ya kai Huawei ƙara, Huawei kuma ya amsa cewa wani yanki na rubutun manhajar Cisco ya shiga cikin tasa, ya cire. A 2019 wata kotu a Beijin, kotun Sin ke nan da kanta, ta yanke hukunci cewa motar Landwind X7 kwafin Range Rover Evoque ce, ta hana sayar da ita. Mu ma nan ba sai an ba mu labari ba. Duk wanda ya san Kantin Kwari ya san yadda zanen atamfa ke fitowa yau, bayan 'yan makonni a ga irinsa sak an sauke daga kwantena a kashi ɗaya bisa uku na kuɗinsa ko ƙasa da haka, har da tambarin kamfanin da aka kwafa a gefen yadin. Ba wannan kaɗai ya durƙusar da masaƙun Kaduna da Kano ba, akwai rashin wuta da fasa-ƙwauri da sakacin gwamnatoci, amma yana cikin abin da ya sa masaƙar UNTL ta rufe ƙofa a 2007, ya kuma sa marinan Kano suka fito zanga-zanga a 2015. Wanda ya faɗi waɗannan bai yi wa kowa wariya ba. Ya ambaci kamfani, ya ambaci shekara, ana iya bincika a ƙaryata shi idan ƙarya ya yi.

Inda maganar ke karkacewa shi ne lokacin da aka tashi daga cewa kamfani kaza ya yi sata zuwa cewa haka halinsu yake tun fil azal. Tarihi bai goyi bayan wannan tsallen ba ko kaɗan. A 1789, lokacin da dokar Ingila ta haramta wa masu sanin injinan saƙa barin ƙasar, wani matashi mai suna Samuel Slater ya haddace tsarin injinan kaɗi na Arkwright, ya sulale zuwa Amurka ya gina irinsu a Pawtucket. Amurkawa suna kiran sa uban masana'antunsu, mutanen garinsu a Ingila suna kiran sa maci amana. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1790 'yan ƙasa da mazauna kawai ta kare, shi ya sa maɗaba'un New York da Philadelphia suka yi shekara ɗari suna buga littattafan marubutan Ingila ba tare da biyan ko sisi ba, har Charles Dickens ya je can a 1842 yana ta ƙorafi, ba a gyara dokar ba sai 1891. Tambarin nan da ke cewa an ƙera kaya a Jamus, wanda yau ake biyan kuɗi saboda shi, majalisar Birtaniya ce ta tilasta shi a 1887 don a gargaɗi masu saye cewa wannan wuƙar ba ta Sheffield ba ce, jabu ce. Motar fasinja ta farko ta Toyota a 1936 ta ɗauko siffar jikinta daga Chrysler, injinta daga Chevrolet, kyamarorin farko na Canon da Nikon kuma sun bi sawun Leica da Contax na Jamus. Dattawanmu sun ga zamanin da idan aka ce kaya ɗan Japan ne, ana nufin ba zai yi ƙarko ba. Ita kanta Sin an yi mata. Wani limamin Kirista Bafaranshe, d'Entrecolles, ya rubuto wa Turai sirrin ƙera tangaran daga Jingdezhen a 1712, kuma daga 1848 Robert Fortune ya yi shigar Sinawa ya kwashe irin shayi da masana sarrafa shi zuwa Indiya don kamfanin East India. Ita ma atamfar da muke kuka a kan kwafinta, Turawan Holan ne suka kwaikwayi rinin batik na tsibirin Java da inji a ƙarni na 19, mutanen can ba su karɓe ta sosai ba, ta sami kasuwa a Afirka ta Yamma. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Za a ce, to don wasu sun yi sata jiya, sai a halatta ta yau? A'a, ba abin da tarihin ke nunawa ke nan ba. Abin da yake nunawa shi ne kwaikwayo yana bin matsayi ne, ba ya bin ƙabila. Ƙasar da ke baya tana kwafa, idan ta kamo sai ta fara kafa dokoki don kada a kwafe ta. Yaron tela ma da farke ɗinkin maigidansa yake fara gane yadda ake haɗa wuyan riga, sai daga baya a ga nasa salon. Sin ba ta da dokar kare ƙirƙira sai a 1984, ta kafa kotuna na musamman kan haƙƙin fasaha a Beijin da Shanghai da Guangzhou a 2014, kuma yau yawancin shari'o'in da ke gabansu tsakanin Sinawa ne da Sinawa, domin yanzu suna da abin da suke tsoron a sace. Akwai wata hujja da ta fi wannan ƙarfi, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. Masu ita suna cewa Amurkan 1790 ba ta sa hannu a kan wata yarjejeniya ba, Sin kuwa ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001 ta yi alkawarin kare haƙƙin fasaha, sannan abin da ake gani ba na ɗaiɗaikun 'yan kasuwa ba ne kawai, akwai hannun gwamnati. Suna kawo misalin jirgin ƙasa mai gudun gaske, inda daga 2004 aka gindaya wa Kawasaki da Alstom da Bombardier da Siemens sharaɗin miƙa fasaharsu ga kamfanonin gida kafin su sami kwangila, bayan 'yan shekaru kuma ɗaliban suka fito suna takara da malamansu a kasuwannin duniya. Suna kawo Xu Yanjun, jami'in leƙen asirin Sin da aka ɗaure shekara 20 a Amurka a 2022 saboda yunƙurin sace sirrin injin jirgin sama na GE. Wannan suka ce mai nauyi, amma a lura da wanda take nufi. Gwamnati take nufi da manufofinta. Ba ta ce komai ba game da ƙwaƙwalwar ɗan Sin, hasali ma wanda ya karɓi fasahar waje ya shimfiɗa layin jirgin ƙasa mai gudun gaske sama da kilomita 40,000 cikin ƙasa da shekara ashirin, fiye da na sauran duniya a haɗe, ba za a ce kwafa kaɗai ya iya ba.

Hujjar da ta fi rusa batun jini da al'ada maras sauyawa ita ce Taiwan. Mafi yawan mutanen tsibirin daga babban yankin Sin kakanninsu suka ƙetaro, harshe ɗaya, rubutu ɗaya, girmama iyaye da malamai iri ɗaya, tarbiyyar Confucius ɗaya. A shekarun 1980 Taiwan ce ake yi wa kirari da hedikwatar kayan jabu. Yau kamfanin TSMC da Morris Chang ya kafa a 1987 shi ke ƙera mafi yawan ƙananan ƙwaƙwalen na'ura mafiya inganci a duniya, har da na Apple da Nvidia. Shi kansa shugaban Nvidia, Jensen Huang, a Taiwan aka haife shi, haka ma Lisa Su ta AMD. Idan al'adar ce ke kashe basira, me ya sa ba ta kashe ta a Taiwan ba? Sannan a dubi babban yankin kansa a tsawon lokaci. Birnin Shenzhen, wanda Deng Xiaoping ya mai da yankin tattalin arziki na musamman a 1980, shi ne ya cika kasuwanninmu da wayoyin nan masu ƙarar tsiya da eriyar talabijin da ake ce wa 'yar Chana, masu sunaye da suka sha bamban da Nokia da harafi ɗaya. Daga wannan birnin ne kuma Transsion ya fito, mai Tecno da Itel da Infinix. Kamfanin ya lura da abin da manyan Turai da Koriya ba su damu da shi ba: cewa mutumin Kano ko Maradi yana riƙe layi biyu ko uku saboda sabis da rangwamen kira, cewa wuta ba ta zama don haka batir shi ne sarki, cewa kyamarorin da ake da su an saita su ne da farar fata, baƙin mutum yana fitowa kamar inuwa. Ya gyara kyamara, ya ƙara gidan layi, ya sa Hausa da Amharik da Suwahili a waya, yau kusan rabin wayoyin zamani da ake sayarwa a Afirka nasa ne. A leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a gani. Wannan ba ƙirƙirar lantarki ba ce, amma gano matsalar da kowa ya tsallake da warware ta a farashin talaka ƙirƙira ce.

A 2014 Joe Biden, yana mataimakin shugaban ƙasa, ya ƙalubalanci masu sauraronsa su ambaci abu ɗaya sabo da ya fito daga Sin. Shekara ɗaya bayan nan aka ba Tu Youyou kyautar Nobel saboda gano sinadarin artemisinin a farkon shekarun 1970, wanda shi ne ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba 'ya'yanmu a kowane asibiti da kemis. Daga baya TikTok ya zo, sai ga Instagram da YouTube suna rige-rigen kwaikwayon sa a 2020, ba wanda ya ce al'adar Amurkawa ce kwafa. DJI ya mamaye kasuwar ƙananan jirage marasa matuƙi, CATL da BYD suka shiga gaba a batirin motocin lantarki, kumbon Chang'e 4 ya zama na farko da ya sauka a bayan wata a 2019. A shekarar ce kuma Sin ta wuce Amurka a yawan neman rajistar ƙirƙira ta ƙasa da ƙasa, matsayin da Amurka ke riƙe da shi tun 1978. Ba na ɗora nauyi da yawa a kan wannan adadi na ƙarshe, domin gwamnatocin larduna sun daɗe suna biyan lada kan kowace rajista, abin da ya haifar da tarin takardu marasa amfani. Kuma har yanzu akwai giɓi: injin da ke zana ƙwaƙwalen na'ura mafiya ƙanƙanta kamfanin ASML na Holan kaɗai ke ƙera shi, jirgin fasinja na C919 da Sin ke alfahari da shi da injinan haɗin gwiwar Amurka da Faransa yake tashi.

Wannan giɓin ne ya sa nake cewa sukar al'ada ba haramun ba ce, kuma waɗanda suka fi yin ta da zafi Sinawa ne. A 2005 Qian Xuesen, uban shirin rokokin ƙasar, yana kwance a asibiti ya tambayi Firaminista Wen Jiabao dalilin da ya sa makarantun Sin ba sa fitar da zaratan masu ƙirƙira, tambayar da har yau ake kiran ta da sunansa. Iyaye da malamai a can suna kuka da jarrabawar gaokao, wadda matasa kusan miliyan 13 ke zaunawa duk shekara, cewa tana horar da hadda da gudun kuskure. A 2018 Liu Yadong, babban editan jaridar kimiyya da fasaha ta gwamnati, ya fito fili ya ce masu cewa Sin ta riga ta wuce Yamma suna yaudarar shugabanni da jama'a da kansu. A 2017 mujallar Tumor Biology ta janye maƙaloli 107 na masana daga Sin saboda maguɗin tantancewa, abin da ke da nasaba da tsarin da ya ɗaure ƙarin girman likita da yawan abin da ya wallafa. A ƙarshen 2020 Jack Ma ya soki masu kula da bankuna a wani jawabi a Shanghai, cikin kwanaki aka dakatar da sayar da hannun jarin kamfaninsa na Ant, shi kuma ya ɓace daga idon jama'a na watanni. Tambaya ce ta gaske ko ƙasar da ake tsoron musa wa na sama za ta iya riƙe gaba a binciken kimiyya na tushe, wanda ruhinsa shi ne yaro ya ce wa farfesa ka yi kuskure. Duk wannan sukar al'ada ce, amma al'ada a ma'anar ɗabi'un da makaranta da ofis da jam'iyya suka dasa, waɗanda wata doka ko wani zamani ke iya tumɓukewa.

Ana gane ɗaya nau'in sukar da alamu biyu. Ta farko, ba ta karɓar hujja. Idan kayan Sin ya lalace, a ce ka gani, ba su iya ba. Idan ya yi kyau, a ce sato shi suka yi. Idan babu wanda ya riga su yin sa balle a ce sun sato, a ce ai ba ƙirƙira ta gaske ba ce. Maganar da babu wani abin da zai faru a duniya ya sa mai ita ya janye ta, ta daina zama nazari. Alama ta biyu ta fi muni, wato hukuncin yana sauka a kan mutum ɗaya saboda sunansa da fuskarsa. A watan Mayun 2015 jami'an FBI ɗauke da bindigogi suka shiga gidan Farfesa Xi Xiaoxing na Jami'ar Temple da asuba, suka tafi da shi a gaban matarsa da 'ya'yansa, bisa zargin aika wa Sin zanen wata na'ura ta sirri. Bayan wata huɗu aka janye tuhumar, domin masana sun nuna zanen na wata na'ura ce dabam. A 2018 ma'aikatar shari'ar Amurka ta buɗe wani shiri na musamman mai ɗauke da sunan Sin don farautar masu satar fasaha. A ƙarƙashinsa aka gurfanar da Hu Anming na Jami'ar Tennessee, alƙali ya wanke shi a 2021, aka kama Gang Chen na MIT, aka janye tuhuma a farkon 2022, a watan Fabrairun shekarar aka rufe shirin, ma'aikatar ta amsa cewa ya haifar da zaton ana auna 'yan asalin Sin da wani ma'auni dabam. Masu kare shirin suna cewa dokar leƙen asiri ta Sin ta 2017 ta wajabta wa 'yan ƙasa ba hukumomin tsaro haɗin kai, don haka zargi ya halatta. To amma Xu Yanjun da aka kama da gaske, ta bin saƙonninsa da tafiye-tafiyensa aka kama shi, ba ta bin jerin sunayen malaman jami'a ba. Shi kansa Qian Xuesen yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar binciken rokoki ta JPL a California, zargin kwaminisanci ya sa aka hana shi sakat shekara biyar, aka sallame shi a 1955, ya koma gida ya gina wa Sin makamai masu linzami. Ɗan Najeriya da aka taɓa tsarewa a filin jirgin sama saboda koren fasfo da abin da wasu 'yan damfara suka aikata, ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Sai dai ita ma gwamnatin Beijin ta iya amfani da kalmar wariya a matsayin garkuwa. Da an yi maganar satar fasaha, ko tauye bakin 'yan jarida, ko halin da Musulmin Uighur ke ciki a Xinjiang, sai a ce an ɓata wa al'ummar Sin rai, kamar jam'iyya da jama'a abu ɗaya ne. Mai wannan dabara da mai cewa duk Sinawa ɓarayi ne kuskure ɗaya suke yi, kowannensu ya narkar da gwamnati da kamfani da talaka a tukunya guda. Kuma ba a manta watan Afrilun 2020 ba, lokacin da aka riƙa korar 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou da sunan korona, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa bidiyon abin da ke faruwa.

A ɓangarenmu, riƙe tatsuniyar cewa Basine kwafa kawai ya iya yana da tsada ta wata fuskar. Tana ɓoye rabon da namu 'yan kasuwa ke da shi, domin masana'antar da ke ƙera cajar da ke ƙonewa a mako guda tana iya ƙera mai shekara biyar, mai oda ne ke faɗin farashin da yake so, kwastam da hukumar SON kuma su ne ya kamata su tare ta a tasha. Tana kuma hana mu kallon abin da Sin ta yi a 2004 da idon mai koyo. Kamfanin CCECC ya gina layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da bashin bankin Exim na Sin, ya gina jami'ar sufuri a Daura da wurin harhaɗa taragu a Kajola ta jihar Ogun. Lokacin da Sinawa ke zaune a kujerar da muke zaune yanzu, ba su tsaya a kyautar gini ba, sun rubuta a kwangila wane zane za a miƙa, injiniyoyi nawa za a horar, kashi nawa na kayan za a ƙera a gida. Ana kan aikin gina layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maradi, kuma waɗannan sassa ne na takardun kwangila ya kamata kwamitocin sufuri na majalisa su nemi a karanta musu a bainar jama'a.